Huhun Goro Da Ledar Kamfani

A wannan karo zancenmu a kan leda ne. Na san wani zai ce, haba Malam, duk abubuwan da ke damun mutane a garin nan, ga tsadar haya, ga kuɗin makaranta, ga takardun zama, sai leda ka ga dama? To, ka yi mini haƙuri ka biyo ni sannu, domin ledar nan da ake rainawa ta ci jarin wani ƙanena, kuma ina jin ba shi kaɗai ta yi wa haka ba.

Yaron nan ɗan kawuna ne, yana da teburin shayi a Treichville, ba nisa da babbar kasuwa. A farkon damana wani ya ba shi shawara ya daina sayen madarar gari ta ƙananan ledoji, ya sayi babban buhu mai kilo 25, ya ƙulla da kansa, ya yi amfani da wata, ya sayar wa 'yan'uwansa masu shayi da sauran. A takarda lissafin ya fita sarai, riba ce tsagwaronta. Ya tattara abin da ya daɗe yana tarawa ya sayo buhun, shi da matarsa suka kwana biyu suna ƙulli a farar ledar nan ta ƙulla sukari da gishiri, ya rataye a ƙarƙashin rumfar kwano. Ranar wata Lahadi da yamma sai ga shi a gidana a Adjamé, da ledoji biyu a hannu. Ya ce, "Yaya Malam, don Allah duba mini. Wannan ta kanti ce, an rubuta za ta kai baɗi. Wannan kuwa tawa ce, ko wata biyu ba ta yi ba ta dunƙule, tana wani irin wari, masu shan shayina sun fara gudu. Madara ɗaya, leda ɗaya. Ko dai hannu aka sa mini?" Na ce masa, babu wanda ya sa maka hannu, ƙanena. Kama da wane ba ta wane.

Washegari Litinin na tafi aji da ledojin nan biyu, da kwalin madarar ruwa wanda aka shanye, da ledar biskit, da almakashi, da bokitin ruwa. Tun muna makarantar horon malamai ta CAFOP aka koya mana cewa abin da yaro ya taɓa da hannunsa ya fi zama a kansa bisa ga abin da aka rubuta masa a allo. Muka yanka kwalin muka jiƙa shi tun da safe. Kafin a tashi takardarsa ta yi laushi, yara suka murje ta da yatsu, sai ga wata 'yar fatar leda ta saɓule daga waje, wata mai ƙyalli kuma ta rage daga ciki. Ledar madarar kanti kuwa sai da muka yi fama. Muka riƙa jan ta a hankali daga inda ta yage, muka ga wata farar fata tana miƙewa kamar cingam, ta ɗan rabu da mai ƙyallin, daga nan ta ƙi. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ashe ba leda ɗaya ba ce, riguna aka sa mata." Ni kaina da na shirya darasin ban zo da bayanin da ya kai wannan ba.

Amma mu Hausawa bai kamata wannan dabara ta zame mana baƙuwa ba. Duk wanda ya taɓa zuwa Anyama ya tsaya ya ga yadda ake ɗaura huhun goro, ya riga ya ga uwar wannan sana'a. Ana shimfiɗa ganyen fita daga ciki domin goro ya riƙe danshinsa kada ya bushe, a sa buhu daga waje domin ya ɗauki wahalar hanya, sa'an nan a zo da igiya a tamke. Ganye kaɗai ba zai kai goro Maradi ba, zai yage tun a tasha. Buhu kaɗai kuma ba zai kai shi ba, zai isa a bushe kamar tsakuwa. Da wannan hikima kakanninmu fataken Gwanja suka riƙa ɗaukar goro daga Salaga har Kano, tafiyar watanni a kan jakuna, suna kwancewa a hanya suna tsince ruɓaɓɓe suna sake ganye. Watau tun da can an gane cewa abu ɗaya ba ya yin aiki uku. To, abin da masana'antu suka yi ke nan, sai dai su nasu ganyen da buhun roba ne da ƙarfe, kuma sun matse su wuri ɗaya har ido ba ya iya rarrabewa.

Kafin mu ƙirga rigunan, bari mu san abokan gāban abinci, domin kowace riga da wanda aka sa ta ta tare. Na farko laima. Mu da muka zo daga Tawa da Madawa da Katsina mun saba da ƙasar da in ka shanya abu ya bushe, ya bushe ke nan. Nan Abijan kuwa muna tsakanin teku da tafki, iskar garin a jiƙe take, musamman daga watan Mayu zuwa Yuli. Shi ya sa gishiri ke yin ruwa a kwano, ƙuli-ƙuli ya yi taushi, kilishin da zai yi watanni a Madawa ya yi fumfuna a nan. Na biyu ita ce iskar oksijin da muke shaƙa. Ita ke raya mu, amma in ta daɗe tana taɓa abu mai maiƙo, kamar madara ko gyaɗa ko mai, sai ta juya masa ɗanɗano da ƙamshi. Na uku haske, wanda ke gaggauta wannan lalacewa, ya kuma kashe waɗansu sinadaran gina jiki da ke cikin madara. Ƙanena ya haɗa wa madararsa duka ukun, ya ƙara mata da zafin kwano.

Farar ledar da ya yi ƙulli da ita falle ɗaya ce, ta wata roba da ake kira foli'etilin, wadda aka gano a Ingila a 1933. Tana da kirki wajen riƙe ruwa, shi ya sa ake ƙulla ruwan sanyi da zoɓo a cikinta. Amma iskar oksijin tana ratsa ta sannu a hankali ko da babu huda, haske yana wucewa kai tsaye, bakin ƙullin kuma komai tamkewarsa ƙofa ce. Ledar kanti kuwa, irin ta madarar gari da kofi da tumatir, galibi falle uku ce. Na waje wata roba ce mai ƙarfi da ake kira foliyesta, dangin wadda ake yin gorar ruwan sha da ita. Ita ke jure ja da gogayya, kuma a bayanta ake buga suna da hoto, shi ya sa rubutun ba ya gogewa ko ka kankare da farce. Na tsakiya sanholo ne, watau alminiyam, irin wanda ake ƙera tukwane da shi, an murje shi ya zama siriri ƙwarai. Shi ne katangar da iska da laima da haske ba sa ƙetarewa. Na ciki kuwa foli'etilin ɗin nan ce dai, ita ke taɓa abinci, ita kuma ke liƙe baki. A tsakaninsu akwai gam da ke riƙe su.

Domin ka san irin sirantakar da ake magana, akwai wani ma'auni da ake kira mikron. Ka ɗauki milimita ɗaya a jikin rula, ka raba ta gida dubu, kashi ɗaya shi ne mikron. Silin gashin kan mutum yakan kai kamar mikron 70. To, fallen waje yakan zama mikron 12, sanholon tsakiya tsakanin 6 da 9, na ciki ne mai ɗan kauri. Ledar biskit ma ta fi haka ban mamaki. Ita ba a sa mata fallen sanholo sosai, ana narka shi ne ya zama tururi a cikin wani ɗaki da aka zuƙe wa iska, tururin ya kwanta a jikin roba kamar raɓa, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na mikron ba. Kana iya gane bambancin da kanka. Ɗaga ledar biskit ka kalli fitila ta cikinta, za ka hangi hasken dishi-dishi. Mai sanholon gaske kuwa ba za ka ga komai ba, kuma in ka lanƙwasa ta sai ta zauna a lanƙwashe. Irin ta farko ta fi araha, kariyarta kuma ba ta kai ta biyun ba.

Yadda ake liƙe bakin ma akwai darasi a ciki, kuma ina so ka riƙe shi domin za mu dawo kansa. Robar ciki tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 110 da 'yan kai ba, ta waje kuwa sai zafi ya kai wajen 250, sanholo sai 660. Saboda haka in inji ya matse bakin leda da ƙarfe mai zafi, ta ciki ce kaɗai ke narkewa ta kama 'yar'uwarta, ta waje tana nan ko gezau. Kwalin madarar ruwa da muka jiƙa a aji shi falle shida ne: roba, takarda mai kauri, roba, sanholo, sa'an nan roba biyu. Kimanin kashi uku cikin huɗu na nauyinsa takarda ce. Kamfanin Tetra Pak na ƙasar Suwidin, wanda Ruben Rausing ya kafa a 1951, shi ya yaɗa wannan kwali a duniya. Ana dafa madarar a zafin digiri 135 ko fiye na 'yan daƙiƙoƙi, a zuba a kwalin da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, a rufe. Shi ya sa take yin watanni a kanti ba firji, amma da ka buɗe ta zama kamar kowace madara.

Kada a ce na zo ɓata sunan wannan leda, bari in faɗi alherinta. Waɗanda suka fito daga yankin Maradi ba su manta da yunwar 2005 ba. A shekarar nan ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 magani a Nijar, kuma babban makaminta shi ne wani abinci mai kama da tunkuza, na gyaɗa da madara da sukari da mai, mai suna Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996. Kowace leda giram 92 ce. Abin da ya sa uwa take iya karɓa ta tafi da shi ƙauye ta ba ɗanta a ɗakinta, ba sai an kwantar da su asibiti ba, shi ne ledar mai sanholo da ke riƙe shi har shekara biyu ba firji, ba a kuma haɗa shi da ruwa. Haka gishirin nan da ake damawa a ba yaro mai zawo, da ƙwayoyin magani da yawa. A nan gida ma, ina yaro lokacin da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, na ga yadda gwangwanin madara ya gagari gidaje irin namu. Ƙaramar leda ta dala goma ko dala ashirin ita ta bar talaka ya ci gaba da sa wa 'ya'yansa madara a koko, kuma ya san abin da ya saya ba a gauraya masa da garin rogo ba.

To, ina matsalar take? Wani dattijo mai sayar da goro, abokin marigayi mahaifina, shi ya nuna mini ita. Na je gaishe shi na ba shi labarin darasinmu, ina ta zuba cewa Turawa sun kwaikwayi huhu. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "To ɗana, mu in muka kwance huhu, ganye ya tafi juji ya zama taki, igiya a ɗaure akuya, buhu ya koma ya ɗauko wani goron. Naku huhun fa, wa ke kwance shi?" Na yi shiru, domin amsar ita ce babu. Abin da ya sa ledar nan ta yi kyau, watau yadda aka manne rigunanta ba sa rabuwa, shi ne kuma ya sa ta zama kaya bayan an shanye abin da ke ciki.

Ka lura da masu yawo unguwa-unguwa suna sayen tsofaffin robobi. Suna karɓar fasasshen baho da bokiti da kujera da jarka, waɗansu suna tara gorunan ruwa, domin kowannensu roba iri ɗaya ce, ana niƙawa a narka a sake ƙera wani abu. Amma ka taɓa ganin wanda ya tsaya ya tsinci ledar madara ko ta omo? Dalili shi ne lissafin zafin nan da na ce ka riƙe. In ka sa zafin da zai narka robar ciki, ta waje tana nan da ƙarfinta. In ka ƙara wuta domin ta waje, ta ciki ta fara lalacewa. Ko sun narke tare ba sa haɗuwa, kamar ruwa da mai ne, ga kuma ɓarɓashin sanholo a ciki. Daɗin daɗawa ba ta da nauyi, sai ka cika buhu ba ka sami abin da zai biya wahalarka ba. In ka duba bayan waɗansu za ka ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 1 da 2 da 4 da 5 roba iri ɗaya ce. In ka ga 7, ko 84 a jikin kwali, ko 90, to galibi gauraye ne.

Abin da ba shi da mai saye kuwa, ƙasa yake kwana. Ka bi titin Nangui Abrogoua da yamma bayan an tashi kasuwa, ko ka leƙa lambatun da ke bayan tashar mota, ka gani da idonka. Ruwan sama yana kwasowa tun daga Abobo, ya ratso Adjamé ta kwarin Gourou, ya gangara mahaɗar Indénié, ya zuba a tafkin Ebrié. Shekara da shekaru mahaɗar nan tana zama kogi duk damana kafin manyan ayyukan da aka yi a wurin. Ba mu manta da daren 18 ga Yuni na 2018 ba, da ruwa ya ci kusan mutum 20 a ƙasar nan, yawancinsu a Abijan. Ba na ce leda ce kaɗai ta jawo ba, akwai gini a kan hanyar ruwa, akwai yashi da ke cike magudanai. Amma lambatun da ya toshe da shara ba ya ɗaukar ruwa, wannan ko yaro ya sani. Ka kuma tambayi 'yan'uwanmu mahauta na Port-Bouët abin da suke tararwa a tumbin dabbobi. Rago yakan lashi gishiri ko maiƙon da ya rage a leda ya haɗiye ta, ta dunƙule a cikinsa, ka ga yana ci yana ramewa.

Hukuma ba ta yi shiru ba. A ranar 22 ga Mayu na 2013 gwamnatin Kwaddibuwa ta fitar da doka mai lamba 2013-327, wadda ta hana yin ledoji da shigo da su da sayar da su da amfani da su, ta kuma fara aiki a watan Nuwamba na 2014. A 2016 aka hana sayar da barasa a cikin ƙananan ledoji. An rufe jujin Akouédo wanda ya karɓi sharar garin nan fiye da shekara 50, tun ƙarshen 2018 ana kai ta Kossihouen a kan babbar hanyar arewa. Amma kowa ya ga yadda dokar leda ta kasance, mai kanti bai daina miƙo maka baƙar leda ba, jerin ƙananan ledoji masu ƙyalli kuma suna nan rataye kamar carbi. A 2019 asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, ya ce Abijan kaɗai tana zubar da robar da ta wuce tan 280 kowace rana, kuma kimanin kashi 5 cikin 100 ne ake sake sarrafawa.

A shekarar 2019 ɗin ne UNICEF ya haɗa kai da wani kamfanin ƙasar Kwalambiya mai suna Conceptos Plásticos domin kafa masana'anta a Yopougon, inda ake narka sharar roba a mayar da ita bulo na gina azuzuwa. An fara gwada irin waɗannan azuzuwa a Gonzagueville da Divo da Toumodi. A matsayina na malamin da ya san abin da ake nufi da cunkoson aji, wannan labari ya faranta mini rai, kuma irin wannan aiki na zuba narkakkiyar roba ta zama abu mai kauri shi ne ya fi iya haƙuri da gauraye. Sai dai masana'anta ɗaya ba za ta shanye sharar gari irin wannan ba. A Turai kuwa sun bi ta tushe. Dokar da Tarayyar Turai ta kafa, wadda ta fara aiki a 2025, ta ce daga 2030 duk abin da za a naɗe kaya da shi sai ya zama wanda za a iya sake sarrafawa. Saboda haka kamfanoni suna ta ƙoƙarin yin leda mai falle da yawa amma duka daga dangin roba ɗaya. Ya kamata shugabanninmu na kasuwa su riƙa tambayar kamfanonin da ke cika mana kantuna, yaushe irin wannan za ta iso mu?

Kafin ta iso, ga abin da ke hannunmu. Na farko, ga masu shayi da masu kanti. Buhun madarar nan da kansa riguna gare shi, takarda mai kauri hawa-hawa a waje, leda a ciki. Ranar da ka farke shi ka tuɓe masa kariya. Kada ka buɗe abin da ba za ka iya sayarwa da wuri ba. In ka buɗe, juye a bokiti mai tsabta mai murfin da ke kamawa sosai, ka ajiye a inuwa, ka riƙa ƙulla na kwana ɗaya ko biyu. In buhu ya fi ƙarfin cinikinka, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku raba a ranar. Araha ba ta ado in rabinta zai tafi juji.

Na biyu, ga mai saye. Matsa ledar a hankali. In ka ji iska na fita, ko ka ga an huda ta da ƙusa a tsakiya wajen ratayewa, ko kwalin madara ko ledar tumatir ta kumbura, ajiye ta. Amma ledar soyayyen dankali da ka gani a cike da iska ba lalacewa ta yi ba, iskar naitirojin ce aka hura mata da gangan domin ta kori oksijin. Duba kwanan wata. In an rubuta "à consommer jusqu'au", to ranar nan iyaka ce, kada ka wuce ta. In kuwa "à consommer de préférence avant" ne, ana nufin bayan ranar ɗanɗano da inganci za su fara raguwa. Duka biyun kuma suna aiki ne muddin ba a buɗe ba. Wanda bai iya karatun Faransanci ba ya sa ɗansa ɗan makaranta ya duba masa, ai don haka muke koya musu.

Na uku, ga masu kilishi da yaji da dakuwa da ƙuli-ƙuli, waɗanda yanzu suka fara sa kayansu a leda mai ƙyalli domin manyan kantuna da matafiya. Wannan ci gaba ne, Allah ya ƙara albarka. Amma ku nemi wadda aka yi domin abinci, sau da yawa tana da alamar kofi da cokali mai yatsu. Ku guji ragowar naɗin leda da ake sayarwa da araha, wadda aka buga domin sabulu ko takin zamani ko maganin ƙwari, kuma ko wace iri ce kada gefen da ke da tawada ya taɓa abinci. Ƙaramin injin liƙe baki ya fi kyandir, domin kyandir yana barin ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Mafi muhimmanci, kilishi ya bushe ƙayau kafin a rufe shi. Akwai ƙwayar cuta mai mugun dafi da ta fi son nama mai danshi a wurin da babu iska. Leda tana tsare abin da ka ba ta ne, ba ta gyara shi.

Na huɗu, ga mu duka. Garba da aceke da koko da wake, abin da za a ci yanzu-yanzu, ba ya bukatar riga uku, ba ya ma bukatar ɗaya. Zafi da maiƙo su ne ke sa abubuwan da ke jikin roba su fi saurin shiga abinci. Ka tafi da kwanonka. 'Yan'uwanmu da yawa su ke riƙe da rumfunan garba a garin nan, har ana cewa daga sunanmu abincin ya samo suna, to mu ya kamata mu fara ƙarfafa wa mai zuwa da kwano gwiwa, ko da da ɗan gyara ne. Sa'an nan ina roƙon iyayenmu mata da masu tsire, don Allah a daina hura gawayi da leda. Hayaƙin nan mai ɗaci yana shiga ƙirjin mai hurawa da na goyon da ke bayanta, ya kuma sauka a kan nama. Ledar da aka gama da ita a tara a buhu a ba motar shara, kada a bar ta inda rago zai kai baki, kada kuma a jefa a lambatu da sunan ruwa zai tafi da ita. Inda ruwan zai kai ta, ƙofar gidan wani ce.

Ƙanena dai ya yi asara, amma bai karye ba. Yanzu yana da bokiti mai murfi a ƙarƙashin tebur, da wani buhu a gefe da yake tara ledoji, kuma masu shan shayinsa sun dawo. Ni kuma, da yake malami ba ya sallamar aji ba aikin gida, ga naku. A cikin mako ɗaya, ku sa yara su tara duk ledar da aka buɗe a gidanku, ta madara da ta kofi da ta omo da ta biskit da ta tumatir, ranar Juma'a ku zube a tabarma ku ƙirga. Sa'an nan ku zauna da uwargida ku duba, wacce ce ba makawa sai da ita, wacce ce kuma kwano ko gwangwani ko ganye zai iya tsaya mata. Wanda ya yi, ya rubuto mana abin da ya samu, za mu buga a wannan fili.

Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da ambaliya, ya sa wa kasuwa albarka, amin.